Rasuwar Mas'uda, Motar da Ta Ci Shari'a

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama hucewa ba, Ustaz Mfaddal Bulaish na unguwar Marshan a nan birnin Tanja, tsohon malamin makaranta, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar motarsa Mas'uda. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙasan gangaren da ke sauka bakin teku, tana da shekara arba'in da ɗaya, bayan doguwar jinya da ta yi a tsaye. Maƙwabcinsa ne ya rubuta wannan sanarwa a madadinsa, domin sau uku Ustaz yana ɗaukar alƙalami, sau ukun kuma abin yana rikiɗewa ya koma takardar ƙara.

Marigayiya ta shigo gidan Ustaz tana koriya shar, kalar ɗanyen zaitun. Daga baya ta koma wata kala da masu fenti suka kasa sa wa suna. Ita ta ɗauko uwargida Lalla Rhimo daga asibiti da jaririya, har sau biyu. Ita ke ɗauko ragon layya kowace shekara a kujerar baya, rago ya leƙo ta taga yana kallon gari kamar shi ya biya kuɗin fetur. Ba ta taɓa buge kowa ba, ko da yake masu ƙananan maganganu suna cewa ba ta da gudun da za ta cim ma wani balle ta buge shi. Ba ta da kwaɗayin mai. Odarta ma ta ladabi ce, wani ɗan siririn "fiii" da ya fi kama da neman afuwa.

Aibinta guda ne, kuma ba za a ɓoye shi ba don ta mutu: ba ta tashi da makulli. Ma'allam Ayashi bakanike, likitanta na shekara ashirin, ya canza mata kik sau uku, ta nuna masa ba a nan matsalar take ba, ra'ayi ne. Saboda haka a saman gangare take kwana, hanci na kallon teku, da dutse a tokare a gaban taya. Kullum da safe Ustaz zai janye dutsen, ya shiga, ya sa giya ta biyu, wanda duk ke zaune a gidan shayi ya taso ya ba da kafaɗa. Daidai gidan burodi ya saki kuloci, ta ce "kuf". Sai "kuf, kuf". Kafin kantin magani kuwa sai "kufkufkuf, ɓurrrum", unguwa ta san gari ya waye. Akwai matan da suke tashin 'ya'yansu makaranta da wannan ƙarar.

Ma'allam Ayashi ya sha yi masa gargaɗi. "Ustaz, wannan tsohuwar motsi ne ke riƙe da ita. Kullum ta gangara. Ranar da ta daɗe a tsaye iskar tekun nan ta shige ta, kada ka zo min da kuka."

Ciwon ajali ya faro ne daga fenti. Wani kamfani ya karɓi kwangilar kula da ajiye motoci, ya zo ya ja shuɗin layi a gefen titi, ya kafa injin yankar tikiti a kusurwa. Layin ya bi ta ƙarƙashin Mas'uda. Ustaz ya dube shi ya ce shi ya riga fenti zuwa wurin da shekara talatin, ya wuce abinsa. Ranar wata Litinin ya fito da makulli a hannu, ya tarar da dabaibayin ƙarfe ruwan ɗorawa ya cafke tayarta ta gaba. Wanda ya ɗaura shi yana tsaye a gefe yana sosa ƙeya: Hmidu, ma'aikacin kamfanin, magidanci mai 'ya'ya huɗu, tsohon ɗalibin Ustaz, wanda kuma kafaɗarsa ta san bayan Mas'uda fiye da ta kowa.

"Ustaz, don Allah daina yi min wannan kallon," in ji Hmidu. "Shugabana ne ya tsaya a kaina. Kawo dirhami arba'in in kwance ta tun shayinka bai huce ba."

"Hmidu, a ina kake zama a ajina?"

"Layin baya, Ustaz."

"Shi ya sa. Da a gaba kake da ka ji ranar da na ce ba mai kama dukiyar mutum sai hukuma. Kai ɗan sanda ne?"

"A'a."

"Alƙali ne kai?"

"Ustaz, ni fa riga kawai suka ba ni da makulli."

"To riƙe makullinka. Ko dirhami ɗaya ba zan bayar ba. A kotu za mu haɗu."

Gidan shayi ya ɗauki tafi. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka tafa, har da miƙewa tsaye, Allah ya yafe masa. Shekara talatin da biyu Ustaz ya yi yana koya wa yara haƙƙin ɗan ƙasa, ba wanda ya taɓa tafa masa sai ranar, kuma a gaskiya abin ya shiga kansa.

'Yar ƙanwarsa Ibtisam lauya ce, sabuwar fitowa, mai neman shari'ar da za a san ta da ita. Ta zo da mai ɗaukar hoto da jami'in da zai rubuta shaida. "Kawu, kada ka biya, biya amsa laifi ne. Kada kuma a taɓa ƙarfen. A bar ta yadda take, ita ce hujjarmu." Ma'allam Ayashi ya ce shi cikin minti goma zai cire tayar da dabaibayinta, ya ɗaura safaya, mota ta gangara, su kuma lauyoyi su ci gaba da hirarsu. Ibtisam ta ce wannan satar kayan kamfani ke nan, shi ma sai ya nemi lauya. Ya mayar da sifanarsa aljihu, ya ce, "To Allah ya ba ta lafiya," da irin muryar da likita ke faɗin haka a bakin ƙofa.

Nan gizo ke saƙar da ba wanda ya lura da ita ranar tafi. Wata motar in an ɗaure ta, mai ita zai iya zuwa ya murɗa makulli ta yi ɗumi a inda take. Mas'uda sai ta gangara take tashi, dabaibayi kuma ya hana ta gangarawa.

A sati na biyu Lalla Rhimo ta ƙulle kuɗin a hankici, ta ce za ta sayo kifi, ta lallaɓa wurin Hmidu. Ya kusa yin kuka. Ya ce tun da takardar kotu ta iso ofis aka karɓe makullin daga hannunsa aka kulle a durowa, yanzu ko ninki goma ta kawo ba mai kwancewa sai alƙali ya yi magana. Ta dawo gida ba kifi, ta tsaya a kan mijinta. "Si Mfaddal, barka. Shekara arba'in ina zaton ba wanda ya kai ka taurin kai, ga shi ka nemo mana waɗanda suka kai ka da kanka."

Ustaz bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Yakan goge gilashi, ya kori kuliyoyi daga kan bonet, ya shiga ya zauna ya riƙe sitiyari yana kallon teku. Aka shiga damina, ruwa ya yi ta zuba, ciyawa ta tsiro a gindin tayoyi. A wata na uku Ma'allam Ayashi ya leƙa injin, ya ɗago ya girgiza kai, wannan girgizar kuwa ta tsorata Ustaz fiye da duk gargaɗin baya. Ustaz ya tafi ofishin Ibtisam ya ce yana son janye ƙara. Ta ce, "Haba Kawu, zama fa sati mai zuwa ne. Sati ɗaya kawai!" Ya tuna tafin nan, ya ce to, sati ɗaya. Aka ɗage zaman. Aka sake ɗagewa don lauyan kamfani ya tafi umara. Aka kuma ɗagewa don an nemi fayil an rasa. Wannan "to" ɗin da ya faɗa ita ce ke hana shi cin abinci yanzu, kuma ya ce a rubuta ta a sanarwa, kada a rage.

A wata na bakwai alƙali ya yanke hukunci: kamfani ba shi da ikon ɗaure motar kowa, a kwance ta nan take. Ustaz ya yi gaskiya, gaskiya mai hatimi.

Ranar Talata unguwa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta. Hmidu ya zo da makulli, kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa mai ya buɗe. Lalla Rhimo ta rangaɗa guɗa daga taga. Ustaz ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ajiye takardar hukunci a kujerar gefe, ya janye dutse, ya sa giya ta biyu. Hmidu ya cire rigar kamfani ya rataye a jikin injin tikiti, ya kafa kafaɗa a inda ya saba. Aka tura. Tayoyi suka yi ƙara, ta motsa, ta kama gangare. Daidai gidan burodi ya saki kuloci.

Ta ce "kuf".

Sau ɗaya. Muka bi ta da gudu muna jiran na biyu. Ta wuce kantin magani shiru, ta wuce masallaci shiru, ta gangara har ƙasa a hankali cikin mutuncinta, ta tsaya inda hanya ta miƙe. Ma'allam Ayashi ya iso yana haki, ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya rufe da hannu biyu, ya cire hularsa. Ya ce inji ya kame, gishirin teku ya gama da shi. Ustaz bai fito ba. Ya ɗauki takardar hukuncin, ya sa tabarau, ya karanta mata ita tun daga bismilla har sa hannun alƙali, don ta san dai ita ta ci. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin ya cancanta. Ni kam hawaye ne suka zo min.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita da uwargidansa, da 'ya'ya mata biyu da suka koyi tuƙi a kanta suka kuma rantse ba za su ƙara ba. Ta bar safayar taya wadda ba a ba ta damar ceton rai ba, da jak, da rediyo mai kama tashar ƙetaren teku kaɗai, da ƙamshin kifin sardin da ba sabulun da ya iya masa. Ta bar dutsen tokare, wanda yanzu yake kan teburin Ustaz yana danne takardar hukunci. Ta kuma bar lauya guda da ta yi suna, wadda ta aiko da furanni, ba ta dai zo da kanta ba tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Babbar mota za ta ɗauko ta daga ƙasan gangare, ta hau da ita Marshan a zagaya sau ɗaya, karo na farko da za ta hau tudun nan ba tare da ta yi ƙorafi ba. Daga nan a wuce da ita makwancinta a filin tsofaffin ƙarafa na hanyar Tetuwan. Hmidu ya roƙi a bar shi ya ɗaura sarƙar ɗaukarta, an kuma amince. Za a zauna karɓar gaisuwa a gida, akwai shayin na'ana'a da miyar wake mai man zaitun. Iyali suna roƙon masu ta'aziyya su guji cewa "ai dai ka ci shari'a", domin Lalla Rhimo ta ce wanda duk ya faɗa, a bakin ƙofa zai sha shayinsa.

Masu zuwa da mota su sani kamfani ya ɗaukaka ƙara, shuɗin layi yana nan, dabaibayi ma yana nan. Amma kada kowa ya damu. Tun daga azahar za a sami Ustaz Mfaddal tsaye a gindin injin tikiti da tsabar kuɗi cike da aljihun jallabiya, yana yankar wa kowane baƙo nasa, yana maƙala masa a gilashi da hannunsa. Da ya gaya min haka na ce, "Ustaz, kai da bakinka? Ina haƙƙin ɗan ƙasa?"

Ya ce, "Yana kan tebur, dutse na danne da shi. Wanda ya zo da tasa, ya koma gida da ita."