Rasuwar Mai Kunne, Bustar Gindin Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da na rasa inda zan ajiye shi, ni Abdulfattah mai gyaran rediyo a ƙasar Kakangi nake sanar da rasuwar Mai Kunne, ƙaramar bustar da ke jawo mana sabis ɗin waya daga kan gora a bayan shagona. Ta cika ranar Talata da rana tsaka.

Marigayiya ba ta da ci. Faifan sola ɗaya da tsohon batirin mota sun ishe ta. Idan babu mai kira sai ta yi gyangyaɗi, waya na matsowa ta ce ƙit, koren idonta ya buɗe. Muryarta ba ta wuce gindin tsamiyar da ke kusa da shagon, amma a nan muke samun labarin an ga babura sun fito daga daji, mu kwashi yara mu baro gonaki.

Ciwon ajalinta ya soma ranar da maƙwabcina Obed ya kafa wata babbar busta dab da ita. 'Yarsa Rachel tana aure a ƙauyen bakin daji, yana son ya riƙa jin muryarta daga ɗakinsa. Tun daga nan kowacce ta ji ihun 'yar'uwarta sai ta ƙara nata. Maganar mutane ta koma shuuu. Mai Kunne ta daina barci, jikinta ya ɗauki zafi, tana tsiii kamar sauro, har ta yi ƙauri ta yi shiru.

Na juya zancen nan na rasa mai laifi. Uba ne ya ji tsoro. Da an ba su tazara, ko an rage wa babbar ƙarfi, da kowacce ta ci gaba da aikinta. Kuma na san ba mutanen kirki kaɗai suka tsaya a gindin tsamiyar ba, domin marigayiya ba ta taɓa tambayar mai kira wa yake yi wa rahoto ba. Har yanzu ban gane ba ko shirunta ya rufa mana asiri ne ko ya miƙa mu.

Ta rasu ta bar gora, da batir, da wayoyin gari da ake ta ɗagawa sama a banza. Ta bar bustar Obed, wadda wutarta ke ƙarewa kafin la'asar. Daga la'asar kuwa, lokacin da baburan suka fi fitowa, garin nan ba shi da kunne.

Za a sa ta a kwalinta ranar Alhamis da hantsi, a ƙarƙashin teburin shago. Obed ne zai sauko da gorar, shi ya roƙa. Ba a son taro, kuma kada a zo da babura a jere, don kada mata su watse. Kowa ya koma gida kafin la'asar. Wanda ya biyo ta hanyar daji, ya bar gaisuwar tukuna, ya fara faɗa mana abin da ya gani.