Golan da Koci Sallau Ya Saka a Wasan Ƙarshe

Tunda hirar dabarar masu horarwa kuke yi, ku bari in ba ku labarin Koci Sallau na unguwarmu. Wannan ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Sallau tela ne, shagonsa na bakin kasuwa. Amma da an yi La'asar zai rufe keke, ya rataya usur a wuya, ya koma Koci. Shi ke horar da ƙungiyarmu, Taurarin Bakin Kasuwa, kuma mutum ne mai ji da kansa a fagen dabara. A kan teburin yanka yake zana tsarin wasa da allin ɗinki. In ka kai masa yadi ana gobe wasa, sai ka yi sa'a ba za ka karɓi rigarka da zanen 'yan baya a jikinta ba.

A shekarar da nake ba ku labari, mun kai wasan ƙarshe a gasar unguwanni. Kyautar kofi ce da bijimin sa. Waɗanda za mu kara da su wasu ƙartin manoma ne daga ƙauye, sunan ƙungiyarsu Garkuwa, kuma wallahi sunan ya bi su. Tun da aka fara gasar ba su ci kowa ba, kowa bai ci su ba. Da an busa usur sai su goma su koma bakin ragarsu su jeru kamar masu jiran liman ya tayar da salla. A haka za a tashi canjaras, a je bugun fenareti, golansu ya kame, su wuce.

Abin ya hana Koci sakat. Ana cikin haka sai ga Alhaji Nababa mai yadi, wanda yake saya mana jesi da ƙwallaye, ya shigo shagon ya zauna.

Ya ce, "Koci, alfarma na zo nema. Ka san Labaran, ƙanin maman yara. Shekara guda yana zuwa atisaye, ko sau ɗaya ba a taɓa saka shi ba. Yayarsa ta sa ni a gaba. Don Allah a wasan nan a bar shi ya ɗan taka fili."

Shi Labaran ɗin nan ya haura arba'in, ga tumbi ma sha Allah. A wurin atisaye in an ce a zagaya fili, shi tsakiya yake tsayawa yana juyawa yana bin mutane da ido. Koci ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya tsaya, ya kalli zanen da ke kan tebur, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Alhaji, ba ɗan takawa ba, da shi za a fara, da shi za a tashi."

Dabarar ita ce: tunda 'yan Garkuwa ba sa tsallako layin tsakiya, me za a yi da gola? Golanmu na gaskiya, Barau, dogo ne, ya iya sa kai. Sai a tura shi gaba ya riƙa dukan ƙwallo da ka a tsakanin ƙartin nan. 'Yan baya ma a bar guda biyu, sauran kowa ya hau. Raga kuwa a ba Labaran.

Da aka gaya wa Labaran, sai ya ɓata rai. Ya ce, "Koci, ni fa lamba tara nake so, mai cin ƙwallo a gaba. Ban taɓa kama ƙwallo ba a rayuwata."

Koci ya dafa shi ya ce, "Malam Labaran, wa ya ce kamawa za ka yi? Tsayuwa kawai za ka yi, a ɗauke ka hoto da kofi."

Ranar wasa fili ya cika maƙil, har da masu kalangu. An ɗaure san a gindin darbejiya, 'yan unguwarmu sai zagaya shi suke suna gardamar wa zai ci tozo. Ni na samu wuri a bayan ragar Labaran, don nan inuwa take. Rigar gola ba ta rufe masa cibiya ba, amma ya sa safar hannu yana ta tafa su, yana ɗaga wa mutane hannu.

Aka busa. Kamar yadda Koci ya faɗa, haka aka yi. Muka tare a gidansu. A buga ta sama, wani ƙato ya sa kai. A buga ta ƙasa, ta daki ƙafafu ta dawo. Barau ya yi tsalle ya sa kai, ta daki turke. Ya sake, ta haye sama ta faɗa a farantin mai gyaɗa. Bugun kwana kuwa mun yi ta yi har mai bugawa ya fara ɗingishi. Koci yana bakin layi yana ihu, "Ku buɗe su! Ta gefe! Ta gefe na ce!" Su kuwa ƙartin ko gumi ba sa yi, ɗaya har hamma yake.

A ɓangarenmu, Labaran ya gaji da tsayuwa. Ya jingina da turke. Can ya juyo ya tambaye ni ko ɗan'uwana ya dawo daga Legas. Bayan hutun rabin lokaci aka sauya raga, muka bi shi can, ya cire safar hannu ɗaya, ya yafito mai rake, aka yanko masa gaɓa biyu. Yana sha yana ba mu labarin yadda yake buga lamba tara a zamaninsa.

Da lokaci ya kusa ƙarewa, Koci ya ga fenareti na tahowa, hankalinsa ya tashi, don sai a lokacin ya tuna wanda zai tsaya masa a raga in an je can. Ya daka wa 'yan bayan nan biyu tsawa su ma su hau. Aka bar Labaran shi kaɗai a rabin fili, shi da wata akuya da ta shigo kiwo.

Muka samu kwana. Aka bugo, aka yi cirko-cirko, sai wani ɗan bayansu ya ɗaga ƙafa ya narka wa ƙwallon duka, ba don komai ba sai don ta yi nisa da shi ya huta. Ta tashi sama, ta wuce tsakiya, ta dira, ta yi ta gangarowa a hankali. Babu ɗan Garkuwa ko ɗaya da ya biyo ta.

Muka kwarma ihu, "Yaya Labaran! Ga ta nan!"

Ya juyo da rake a baki. Da ya sunkuya ya ɗauka da hannu, da shi ke nan. Amma ina, yau ga ranar lamba tara. Ya yar da raken, ya ja da baya, ya taho a guje, ya ɗaga ƙafa zai mayar da ita har ragarsu. Ƙwallon ta goge gefen takalminsa, ta tashi ta kansa, ta faɗa cikin ragarmu. Shi kuma ya zauna daɓas.

Ba a daɗe ba alƙalin wasa ya busa tashi. 'Yan Garkuwa suka kwance san, suka ja abinsu suna waƙa.

Koci ya taho har gaban raga, hula a hannu, muryarsa ta dishe. Alhaji Nababa na biye da shi yana ba shi baki.

Ya ce, "Labaran! Ka kashe ni! Mutum goma na zuba a gaba, sun yini suna wahala a bakin ragar mutane, kai kuma sau ɗaya tak ƙwallo ta zo wurinka!"

Labaran ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya ce, "To ai shi ne, Koci. Su goma sun yini ba su samu raga ba, ni taɓawa ɗaya na yi ta shiga. Ban ce maka lamba tara nake bugawa ba?"