Ƙwaryar da Na Tura wa Surukata a Gulbi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tarwatsa mutanen mashayar Kalgo ba, ni kaɗai, ba sanda ba wuƙa, alhali ni ma gudun ceton raina nake yi. Abin bai daɗe ba. Har yanzu in na ga kyandir a shago sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar Gwandu ce. Da na gama sakandare aka kawo ni Kalgo wajen Goggona, na samu aikin koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar makarantar kuɗi. A nan muka haɗu da Bashiru, har aka sa mana rana bayan girbin shinkafa. Su masunta ne kaka da kakanni, mu kuwa shanu muka sani. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, mai bandar kifi ce, mace ce da ba ta dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ba ta taɓa cewa ba ta so na ba, ba ta kuma ce tana so na ba. Abin da aka ce ta faɗa kawai shi ne, "Ɗiyar Fulani ce, ko ƙaya ba ta iya cirewa ga kifi ba." (Gaskiya ta faɗa.) Don haka ba ni da wani buri a lokacin da ya wuce in yi abu guda wanda zai sa matar nan ta dube ni ta ce madalla, kafin ta sake tunani a kan auren.

Sai ga ranar al'adu ta makaranta ta ƙarato. Hedimasta ya ce bana an gaji da shigar Fulani da ta Zabarmawa, ƙasashen duniya za a yi, kowane aji da ƙasarsa. Ya nannaɗe takardu ya zuba cikin hularsa. Anti Rabi ta ɗauki Nijar, wadda kakarta ma can take, ko ɗankwali ba sai ta sauya ba. Malamin aji huɗu ya ɗauki Saudiyya, jallabiya da dabino an gama. Ni na sa hannu da bisimilla na zaro Japan.

Abin da na sani game da Japan a ranar bai wuce cewa injin ban ruwansu yana da ƙarko ba.

Na sayi data na shiga bincike. Na faɗa kan bidiyon wani birni nasu na bakin teku, inda manyan jiragen ruwa ke tsayawa. Mutanen nan ba su da aiki sai biki, kowane yanayi da nasa. In itatuwa sun yi fure, sai su yi shimfiɗa a gindinsu su ci abinci. Na ce wannan ai kullum muna yi a gindin darbejiya, ba wanda ya taɓa kiransa biki. In zafi ya zo, ƙarti su saɓa wani ɗan ɗaki mai ado a kafaɗa, suna ihu suna zagaya gari da gajeren wando. Na tuna fuskar Hedimasta na wuce. Akwai na wasan wuta a saman jirage, akwai na wani dogon maciji na yadi da ake rawa da shi. Sai na zo kan na ƙarshe. Mata cikin dogayen riguna, sun durƙusa a bakin ruwa, suna sakin ƙananan fitilun takarda. Kowace fitila da rubutu a jikinta. Su sake ta, su sunkuyar da kai, ruwa ya tafi da ita a hankali. Wallahi sai da na yi ƙwalla don kyau.

Akwai dogon bayani da Turanci a ƙarƙashin bidiyon. Ban karanta ba. Data ta kusa ƙarewa, kuma me zan karanta? Ai a fili yake: sunayen manyan baƙi ne ake rubutawa don girmamawa. Kuma na san Inna Kulu za ta zo taron, jikarta tana ajina. Nan take na hango ta a kujerar gaba, an saki fitila mai sunanta a cikin babban baho, mutane suna tafi, ita kuma tana share hawaye tana cewa ashe ɗiyar Fulanin nan ta san darajar manya.

Na ce bari in gwada tukuna, a ruwa na gaske, kada ranar ta zo in ji kunya. (Ku lura da wannan. Don gudun kunya na yi duk abin da na yi.)

Fitilar takarda ta gagare ni, sai na ce ai ƙwarya ma tana yawo a kan ruwa. Na buɗe kayan da mahaifiyata ta aiko daga Gwandu na ɗakina, na zaɓi ƙaramar ƙwarya mafi kyawun zane, don surukata ba ta cancanci tsohuwar ƙwarya ba. Kyandir ya ƙi tsayuwa a ciki, na zuba gero na kafa shi. Na yanko farin ƙyalle, na ɗiga masa jan-baki a tsakiya, don haka tutar ƙasar take, fari da jan ɗigo. Sai suna. Na tuna Inna ba ta karanta boko, saboda haka na zauna na rangaɗa mata sunanta da ajami a jikin ƙyallen, har da wasali.

Ƙwarya, gero, kyandir, farin ƙyalle mai jan ɗigo kamar jini, da sunan mutum da ajami. Na dube su a tsakar ɗaki na ce kai, Japan sak. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini komai ba.

Bayan la'asar na ce wa Goggo zan je gidan su Anti Rabi. Na bi ta bayan gonakin shinkafa zuwa wani lungu na gulbi inda ba kowa. Tunda gwaji ne, na ce a yi shi cikakke. Na cire hijabi na naɗe jikina da farin zanin gado, na ɗaure ƙugu da ɗankwali. Na ga wasu matan a bidiyo fuskarsu fari fat, sai na juye rabin gwangwanin hoda a tawa. Na kunna kyandir (da sauran rana, ko ganin wutar ba a yi), na durƙusa, na saki ƙwarya. Ta tafi lafiya lau, ko tangaɗi babu. Daɗi ya kama ni. Na miƙe na sunkuya mata kamar yadda suke yi, na faɗi kalma ɗaya tilo da na koya ta yarensu, wadda aka ce godiya ce, na ja ta da murya mai zaƙi.

Ina ɗagowa muka haɗa ido da wani mutum a cikin kwale-kwale, ya fito daga cikin ciyawa da ragarsa a hannu.

Ya dube ni. Na dube shi. Na ɗaga masa hannu don in ce sannu da aiki. Sai mutumin nan ya saki raga, ya saki sandar tuƙi, ya faɗa ruwa ya yi gaɓa da iyo, ya haye tudu yana salati da ƙarfi.

To ni ɗiyar makiyaya ce, ban san ruwa ba. Abin da na sani shi ne, in masunci ya bar jirginsa ya gudu, to abin da ya gani ba ƙarami ba ne. Na ce kada ne, ko dorina, kuma a bayana take. Ban waiwaya ba. Na tattare zanin gado na rufa masa baya ina cewa, "Bawan Allah tsaya, kada ka bar ni." Ya waigo ya gan ni, ya ƙara wuta. Ganin ya ƙara wuta na ce lallai abin ya matso, ni ma na ƙara.

Haka muka ɓullo mashaya, inda mata ke jiran jiragen kifi. Ashe ƙwaryata ta riga mu isa, don gulbin lanƙwasa kawai ya yi, mashayar tana bayan lungun da na sake ta. An ce ta zo a hankali, ta ratsa tsakanin jirage, ta tsaya daidai ƙafar Inna Kulu kamar an aiko ta. Mata sun yi cirko-cirko, Inna ta sunkuya tana karanta sunanta, sai ga namiji ya faso a guje jiƙe sharkaf, ga kuma farar halitta a bayansa tana miƙa hannu. Kafin ka ce me, mashaya ta watse. Tire na kifi sama, takalma ƙasa, wata ta bar goyonta ta dawo ta fizge shi. Ni kuma duk wadda na nufa don ta cece ni sai ta sauya hanya. Ina kuka ina cewa ku tsaya mini, su kuma suna neman tsari da ni.

Kunyar gonar shinkafa ce ta kawo ƙarshen tseren. Santsi ya kwashe ni na faɗa taɓo da fuska. Da na ɗago, hoda ta wanke, mutum ɗaya kawai na gani tsaye a kaina, riƙe da ƙwarya, kyandir bai ma mutu ba. Inna Kulu ce. Ita ba ta gudu ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Malama. Ke ce."

Na ce, "Ina wuni, Inna."

A zauren Sarkin Ruwa aka yi zaman. Dattijo ne mai magana a hankali, an ajiye ƙwarya a gabansa, ba mai son matsawa kusa da ita. An kira Goggo, an kira Bashiru, an kira Hedimasta. Ni ina rakuɓe a gefe cikin zanin gado mai taɓo. Masuncin nan ya ba da shaida cewa da idonsa ya ga na yi wa ruwa ruku'u ina kiran wani aljani da bai taɓa jin sunansa ba, shi da ya shekara talatin a gulbi. Goggo ta rufe fuska da mayafi. Bashiru ya kasa kallona, ya kasa kallon uwarsa, sai ya zaɓi kallon rufin zaure.

Sarkin Ruwa ya ce, "Ɗiyata, wa ya ba ki aikin ga? Faɗi gaskiya, ba mai taɓa ki."

Na ce, "Baba, 'yan Japan ne."

Ya juya ga na kusa da shi. "Wane ƙauye ne wannan?"

Na ciro waya, na nuna musu bidiyon. Aka miƙa ta hannu zuwa hannu. Na ga fuskoki sun fara sakewa, wani har ya ce kai, abin da kyau. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai Hedimasta, Allah ya saka masa, ya ce bari ya taimake ni ya karanta musu bayanin da ke ƙasa don kowa ya tabbata ba wani abu ba ne. Ya gyara tabarau ya fara fassarawa da muryar taron safe.

"A wannan birni, idan bazara ta yi nisa, jama'a sukan taru a bakin teku su saki fitilu. A jikin kowace fitila sukan rubuta sunan..." Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge. Ya mayar.

Inna Kulu ta ce, "Ƙarasa, Malam."

"...sunan mamacinsu. Domin su raka shi zuwa lahira."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Inna ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Wato rakiya kinka yi mini."

"Wallahi Inna ban karanta ba."

"Malamar makaranta. Ba ki karanta ba." Ta gyaɗa kai. "Mutum nawa kinka raka yau?"

"Ke kaɗai ce, Inna."

"Ni kaɗai. Duk garin ga."

"Don ke ce babba a wurina," na ce, hawaye da majina sun haɗu. "So nake ki ce na iya wani abu."

Bashiru ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa ba tare da ta dube shi ba, ya mayar da bakinsa ya rufe. Na ce shi ke nan, aure ya bi ruwa, gobe sai motar Gwandu, kuma labarin zai riga ni isa.

Ta jawo ƙwaryar, ta hure kyandir, ta juye geron a tafin hannu ta shinshina. Sannan ta kifa ƙwaryar tana bin zanen da yatsa. Ta tambayi Goggo ko aikin Gwandu ne. Goggo ta ce daga cikin kayan ɗakin yarinyar ne, uwarta ta aiko.

Inna ta dubi Sarkin Ruwa. "Sarki, kai ka san masu aikin ruwa, ni ma na san su. Ka taɓa ganin wadda ta yi da ƙwaryar aurenta? Da fasasshiya suke yi. Kuma ba su gaishe ka in ka kama su." Ta miƙe tana gyara zani. "Wagga ba mugunta ba ce, wauta ce tsantsa. Muguwa ce ba ni iya zama da ita. Wawuya kuwa, na haifi huɗu, na saba."

Bashiru ya ce, "Inna, har da ni?"

"Kai ne babbansu."

Sarkin Ruwa ya yanke cewa in yi istigfari a kan ruku'un da na yi wa ruwa, in biya masunci ragarsa da ta nutse, kuma kada a sake ganina a bakin gulbi ba tare da babba ba. Hedimasta ya soke Japan daga taron, 'yan ajina suka zama 'yan kallo. Inna ta tafi da ƙwaryar, ba ta kuma ce za ta dawo da ita ba.

Ranar aure tana nan yadda aka sa ta. Sai dai duk safiyar da na je gaishe ta, na durƙusa na ce, "Inna, an tashi lafiya?" sai ta dube ni ta ce, "An tashi, Malama. Yi haƙuri, ban tafi ba tukuna." Matan gidan su kwashe da dariya, ni kuma in sunkuyar da kai, don har yau ban gane ko wasa take yi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In kika ga mutanen wata ƙasa sun yi kwalliya sun taru a cikin waya, kafin ki ari al'adarsu ki kai gidan surukai, ki daure ki ƙara data ki bincika ko biki suke yi ko zaman makoki.