Ranar Da Na Kori Ma'aikatan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da aika-aikar da na yi a falon surukina wata biyu bayan aurena da Rabi.

Baba, mahaifin Rabi, tsohon likita ne, ya daɗe yana aiki a Legas kafin ya dawo Jos. Bayan jikokinsa, babu abin da yake ji da shi kamar wani akwatin gilashi da ke falonsa, cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu launi da duwatsun murjani. Wata Asabar muka je gaishe shi a Farin Gada, na tarar yana kuka da gansakuka, ta yi kore shar a jikin gilashin. Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare ('yan aji ɗaya nake koyarwa, amma ban ga dalilin faɗa ba). Maimakon in sunkuyar da kai kamar kowane suruki mai kunya, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ai wannan fannina ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, Malam. Gobe zan je ɗaurin aure Bauchi, ka gwada."

Washegari na naɗe hannun riga na kama aiki. Na kankare gilashin tas. Na ga wani abu jaja-jaja mai tauri ya manne a duwatsun, na sa buroshi na goge shi. Sai kuma na lura da wasu ƙananan dodon koɗi suna yawo a ciki. Na ce lallai ga tushen ƙazantar! Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na zuba a kwano da ruwan famfo. Na kuma yaye labule don kifi su sha hantsi.

Da la'asar Baba ya dawo tare da aminansa biyu. Na tare su da kwanon nan a hannu, ina murmushi.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Bai ɗaga murya ba (da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi).

"Malam, waɗannan ai ma'aikatana ne. Daga Legas na sa aka kawo su, gansakukar suke ci. Ruwan famfo kuwa kashe su yake yi." Ya juya ga duwatsun. "Wannan jan da ka goge, shekara uku ina rainonsa. Labulen kuma, hasken rana ne abincin gansakuka."

Ɗaya daga cikin aminan ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ne mijin Rabin?"

Na rasa inda zan ajiye kwanon, haka na yi ta riƙe shi har suka zauna.

Baba bai sake tayar da maganar ba. Yanzu ma yakan bar ni in goge gilashin, amma ta waje. Tun daga ranar, in na ji babba yana kuka da wata matsala, "Allah ya kawo sauƙi" nake cewa, in ja bakina in yi shiru.