An Aike Shi Maganin Suga, Ya Dawo da Buroshi

"…da gajiyar jiya kuma, Amarya? Na ji an kai ki asibiti an dawo da ke, wai ba su da wurin ajiye kayan tarihi."

"Gajiya ta bi lafiya. Cire takalman nan tukuna, Kwaɗo, kada ka mayar mini da ɗaki kududdufi."

Kwaɗo jikan Kaka ne, ɗan babban ɗanta, mai gyaran famfo. Ita ta raɗa masa sunan, domin tun da ya kama sana'ar ba ta taɓa ganin ƙafar wandonsa a bushe ba. Shi kuma Amarya yake ce mata. Ya same ta zaune a bakin gado, ta ɗora kofin shayi marar suga a kan kujera, ta tsoma burodi tana jira ya jiƙe.

Watanni ke nan sugan Kaka ya ƙi sauka, alhali ba ta wasa da magani. Jiya 'yarta, wadda Kwaɗo ke kira Goggo, ta kai ta asibiti. Likita ya yi dogon bayani, sai dai kunnen Kaka na hagu ya daɗe da yin ritaya, likitan kuma ta hagunta ya zauna. Da safe Goggo ta makara zuwa makarantar da take koyarwa, sai ta kira Kwaɗo ta ba shi aika, lokacin yana kwance a ƙarƙashin wani wurin wanke-wanke, ruwa na ɗiga masa a kunne. Ga shi yanzu sun haɗu, kowa da rabin zance a hannu.

"Miƙo maganin," in ji Kaka. "Allah ya sa ba irin mai ɗacin nan ba ne."

Ya zazzage leda a kan gado. Buroshi ya faɗo, da man goge baki, da wani ɗan mitsitsin akwati fari. Kaka ta dubi kayan, ta dube shi, ta ɗauki ledar ta leƙa ciki.

"Ina maganin?"

"Shi ne wannan."

"Haɗiye shi ake yi, ko jiƙawa?"

"Gogawa ake yi."

"A goga wa sugan?"

"A goga a baki."

"Kwaɗo, zauna. Faɗa mini tsakani da Allah, tun yaushe ruwa ya shige maka kai? Da ciwon suga na je asibiti. Suga a jini yake, ko jaririn da aka haifa jiya ya san haka. An aike ka sayen magani ka dawo mini da kayan banɗaki."

"Abin da Goggo ta ce ke nan. Buroshi mai laushi, man goge baki, da zare."

"Zare kuma?" Ta buɗe ɗan akwatin, ta ja, zare ya biyo hannunta. "Ɗinke mini baki aka ce ka yi? Na san ubanka ya daɗe yana wannan addu'ar."

"Na sakace ne. Tsakanin haƙora ake zura shi."

"Na tsufa ina sakace, ban taɓa neman taimakon tela ba." Ta ajiye zaren, sai fuskarta ta washe. "Na gane. Likitan nan rikita ni ya yi da wata. Akwai wata mata da ta zauna kusa da ni a layi, ta tallabe kunci tana nishi. Yanzu haka tana can an ba ta maganin sugana, ni an turo mini buroshinta."

"Ai Goggo ta ce bakinki ya duba."

"Ya duba. Ya ce in buɗe, na buɗe. Na ɗauka shekaruna yake son ƙirgawa, yadda ake yi wa akuya a kasuwa."

"Da bai gama ba har a tashi daga aiki." Kwaɗo ya ja wata kujera ya zauna, ya gyara murya irin ta masana. "Bari in warware miki. Yadda na fahimta, sugan a tsakanin haƙoranki yake ɓuya. Kina barci sai ya narke, ya gangara cikin jini."

"Rabona da suga tun kana yawo ba wando."

"To tsohon ne. Wanda kika sha zamanin 'yanmatanci, shi ne ya maƙale."

"Kai ko kunya ba ka ji, mijin banza. Suga ne zai zauna a bakina shekara da shekaru tururuwa ba su ji labari ba?"

Kwaɗo ya sosa ƙeya. Shi ma da ya ji maganar da kunnensa, bai ga ta zauna ba.

"Kuma ya ambaci zuciya," in ji Kaka. "Wannan kam na ji, don lokacin na juyo masa da kunnen dama. Ina ga cewa ya yi ina da zuciya mai kyau."

"To yanzu na yarda ya rikita ki da wata."

Ta ɗauki matashi ta jefe shi, ya cafe.

"Tsaya, Amarya, na tuna. Goggo ma ta ce zuciya. Kin ga, jikin mutum kamar gida ne. Tanki ɗaya ne a sama, bututu ya ratsa kowane ɗaki. In ɓera ya faɗa tanki ya mutu, a ɗakin girki za a fara jin wari."

"To wane ne ɓeran?"

"Ban kai nan ba tukuna."

"Tankin fa? Baki ne ko zuciya?"

"Zuciya ce. A'a, baki ne, tunda shi ne a sama. Amma zuciya ita ke turo ruwan, wato ita ce inji." Ya tsaya yana kallon silin. "In baki ne tanki, to sugan ta ina ya shiga?"

"Ni kake tambaya? Makaho ya ja makaho, sai rami. Haka kake yi wa mutane aiki, su kira ka gyaran famfo ka kwance musu ƙofa?"

"Bari mu kira Goggo."

Ya buɗe muryar wayar ya ajiye a hannun damar Kaka. Goggo ta ɗauka tana magana ƙasa-ƙasa, hayaniyar 'yan aji na tashi a bayanta.

"Ina cikin darasi, me ya faru?"

"Goggo, wai mene ne haɗin buroshi da suga? Uwarki ta ce ɗinke mata baki za a yi."

"Ba na yi maka bayani da safe ba? Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Dasashin Inna ya kumbura, ciwo ne a ciki wanda ya ƙi warkewa. Likita ya ce muddin jiki na fama da irin wannan ciwon, suga yakan yi taurin kai, ya ƙi jin magani yadda ya kamata. Shi kuma sugan in ya hau, yana hana dasashin warkewa. Kowanne na rura wa ɗan'uwansa wuta. Ƙwayoyin cutar da ke wurin kuma suna iya samun hanya su shiga jini, abin da ba a so ke nan ga mai shekaru, saboda zuciya. Maganinta na nan yadda yake, ta ci gaba da sha. Yau da yamma likitan haƙori zai gan ta, kai za ka kai ta, ni ba zan taso da wuri ba. Ta gaya maka maganar jinin?"

"Wane jini?"

"Tambaye ta. Ni sai a gaban likita na ji."

Wayar ta katse. Kaka ta mayar da hankali kan burodinta, wanda ya riga ya narke a cikin shayin. Sai a lokacin Kwaɗo ya lura da yadda wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Amarya," ya ce, muryarsa ta sauka. "Wane jini?"

"Ɗan kaɗan ne. In na goge baki sai in tofar da ja. Na ce to, abin da ke sa ka zubar da jini ai ba masoyinka ba ne, sai na daina gogewa. Nakan kurkure da ruwa."

"Shi ya sa kika koma jiƙa burodi kamar mai yaye?"

"Na ƙasan nan biyu suna girgiza." Ta nuna da yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Yayata haka ta fara. Ta je a duba mata ɗaya, kafin shekara ta zagayo bakinta ya koma kamar tsohuwar jaka. Sunan 'ya'yanta ma ba ta iya kiransa daidai. Ni da wannan wushiryar kakanka ya gan ni ya kasa barci. Ba zan kai ta a zare mini ba."

"Wa ya ce zarewa za a yi? Ƙila wankewa kawai za su yi. Bari sai ya ruɓe shi ne ke kai mutum ga zarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Ɗazu ɓera, yanzu ƙadangare. Bakina ne ko kangon gida?"

"Kangon gida ma ana biyan haya, ke kuwa kyauta nake zaune da ke."

Ta yi ƙwafa, ta tsiyaya ruwan sanyi daga gora ta miƙa masa. "Sha, ka jiƙa maƙoshi. Ƙarya na busar da yawu."

Ya karɓa ya kurɓa. Nan take ya runtse ido ɗaya, kafaɗarsa ta ɗaga, ya karkatar da kai gefe kamar kaza ta hango shaho. Ya yi maza ya haɗiye, ya gyara fuska. Kaka ta zuba masa ido.

"Me ya cije ka?"

"Ba komai. Ruwan ne ya yi sanyi."

"Ƙara kurɓa."

"Na ƙoshi."

"Buɗe bakin."

"Amarya, ke ce marar lafiya."

"Buɗe, ko in kira Goggonka ta sake fitowa daga aji."

Ya buɗe. Ta kama haɓarsa ta juya ta wajen taga, ta kanne ido ta leƙa.

"Ikon Allah. Kwaɗo, wannan rami ne ko rijiya? Turminka na baya rabinsa ya tafi. Ina ka kai shi?"

"Wata rana ce hannuna duka biyu suna riƙe da bututu, sai na kama murfin gam da haƙori."

"Kana da sifana cike da jaka, ka mayar da bakinka makama. Da me kake kwana?"

"Nakan sha maganin ciwon kai."

"Haƙori na ciwo kana shan maganin kai, ni kuma suga na ciwo an ba ni buroshi. Ashe gidan namu kowa ɓatan hanya yake yi." Ta sake shi. "Laifi tudu ne, ka taka naka kana hango nawa. Ka shigo kana mini wa'azin tanki, kai naka tankin a fashe. Ba ka ji abin da Goggonka ta ce ba? Ƙwarin suna bi ta jini."

"Ƙwayoyin cuta ta ce. Kuma ni ba ni da suga."

"Kana da zuciya?"

"Ina da ita mana."

"Ban taɓa gani ba, amma mu ɗauka akwai. Za ka jira ne sai kuncinka ya kumbura kamar na ɗan'uwanka na bakin rafi? Wace yarinya ce za ta kalle ka? Ni kaɗai ce na yi haƙuri da kai, ni ma don idona ya rage gani ne."

"Ni allurar nan ce ba na so," ya ce a hankali. "An ce a cikin dasashi ake soka ta."

Kaka ta fashe da dariya har sai da ta dafe baki saboda haƙoran nan biyu.

"Ƙato da kai, mai zura hannu a magudanar da ko kare ba ya leƙawa, allura kake tsoro?"

"Ke da kike tsoron buroshi fa?"

Ta harare shi. Ta jawo sabon buroshin ta yage kwalinsa, ta shafa gashinsa a bayan hannunta.

"Da laushi kuwa. In na goga jinin ya sake fitowa fa?"

"Wannan sai mu tambayi likitan. Ni na daina bayani."

"Ka kyauta wa al'umma. To ji sharaɗina. Zan je. Amma kai za ka fara hawa kujerar, ina zaune ina kallo. In ka sauko da ranka, sai in hau."

"Ke aka ba wa lokaci, ba ni ba."

"Sai ka ce masa miji da mata ne, ba a raba mu. In ya yi gardama in juya masa kunnen hagu."

"Na ji. Amma in na yi ƙara, ba ki ji komai ba."

"Kunnen dama zan juyo maka, in ji da kyau, in ba wa ubanka labari."

Ta sunkuya ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado, ta lalubo tsohon buroshinta. Gashinsa ya baje ta ko'ina kamar tsintsiyar da ta share kasuwa. Ta kama hannunsa ta danƙa masa.

"Ga tukuicin aikenka. Kada ka ce ban taɓa ba ka komai ba."

Kwaɗo ya ɗaga shi sama yana juyawa. "Da wannan kike goge baki? Ai ko bututu na goga wa wannan sai ya yi jini."

"Karɓi abinka, kayan gado ne." Ta miƙe tana dariya, sabon buroshin a hannu ɗaya, man a ɗayan. "Yau ka yi galaba a kaina, Kwaɗo. Zo ka buɗe mini murfin nan. Da hannu, ba da baki ba."