Shehun Balantak

Shekara guda na yi ina koyon yaren Indonesiya wajen wani direba ɗan ƙasar, maƙwabcinmu a unguwar Azizya. Har yadda farkon kalma ke sauyawa sai da na haddace. Da Hajji ya matso, na ce wa Kawu, mai shagon dabino kusa da masallacin Ƙiblatain, ya sallami tafintansa.

"Ka tabbata, ya waladi?"

"Kawu, har mafarki nake yi da yaren."

Motar alhazan Indonesiya ta tsaya. Na gyara murya, na zuba jawabi. Jagoransu ya tambayi Kawu da Larabci ko Hausa nake yi, sannan suka wuce shagon gaba.

Ashe direban yaren ƙauyensu ya koya mini, wai shi Balantak, ba yaren da duk ƙasar ke ji ba.

Har yau in mai ciniki ya cika naci, sai Kawu ya ce, "Ku kira Shehun Balantak ya kore mana shi."