Baƙon Tsuntsu a Balan

Ko a kallon tsuntsayen da nake yi da yamma, ba na faɗin sunan tsuntsu sai na haɗa da "wataƙila". Amma ranar da na hango wani ɗan ƙarami ruwan hoda a bakin gonar dawa a Balan, ko shakka ban yi ba: baƙo ne daga Turai. Na lallaɓa na kama shi, na kai majalisa cikin hula ina bayanin ƙaurar tsuntsaye. Har an fara jinjina kai, sai ga maƙwabciyarmu, Gwaggo Talatu.

"Kai ɗan nan, ashe kai ka ɗauke min tsako! Galura na shafa masa don kada shirwa ta gane shi."

Har yau in kaza ta gifta, sai abokaina su ce, "Malam, wannan kuma daga wace ƙasa?"